Muhawarar zaure: wai kuɗin caca ne ya sa kowa ke son zama ɗan Ceroki?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina duba alƙaluman ƙidayar Amurka na ga abin da ya ɗaure mini kai. A ƙidayar 2010, mutum dubu 819 da 'yan kai ne suka ce su 'yan ƙabilar Ceroki ne, ko zalla ko ruwa biyu. A ta 2020 sai ga su sun haura miliyan ɗaya da rabi. Shekara goma kacal! Wace irin haihuwa ce wannan? Ni dai nawa ganin, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun da aka ba su izinin buɗe gidajen caca ana raba musu riba, kowane Bature ya tuna yana da kaka 'yar Ceroki. Kuɗi ne ya haifi mutanen nan, ba iyaye ba.

Bazazzage: Su waye ma Ceroki ɗin, Baba? Indiyawan dajin nan masu gashin tsuntsu a ka?

Ɗan Tulsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena Bazazzage, don Allah ka bar kiransu haka, mutanen da suka ƙirƙiri baƙaƙen rubutunsu a 1821 suka fara buga jarida a 1828 ba 'yan daji ba ne. 'Yan asalin ƙasar ne. Baban Khalifa kuma, da girmanka, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Shekarata shida a Oklahoma ina aikin jinya, kullum da su nake cuɗanya. A takardar ƙidaya ba mai tambayarka shaida, abin da ka rubuta shi ne. Ni ma da na ga dama da na rubuta Ceroki, kuma ko sisi ba zai kawo mini ba. Zama ɗan ƙabila a hukumance wani abu ne daban. Gwamnatin tarayya ta san ɓangare uku ne kawai: babbar Al'ummar Ceroki mai hedikwata a garin Talikwa na jihar Oklahoma, wadda ke da mutum sama da dubu 450 a rajista, sai 'yan Kituwa, su ma a Talikwa, kusan dubu 14, sai na Gabas da ke duwatsun Karolina ta Arewa, kusan dubu 16. Ka tara, ba su kai rabin miliyan ba. Ke nan wajen mutum miliyan guda a cikin lissafinka ba su da kati, ba su da kaso. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Baban Khalifa: To in ba su samun komai, me ya sa suka ninka?

Ɗan Tulsa: Kaso mai tsoka daga hukumar ƙidayar ne. A 2010 amsa biyu kawai suke ɗauka daga abin da mutum ya rubuta game da asalinsa, a 2020 suka koma ɗaukar har shida. Wanda da can ake yanke masa Ceroki ɗin a ƙarshen layi, yanzu an ƙirga shi. Sai kuma yayi. A kudancin Amurka gidaje da yawa suna da labarin wata kaka 'yar Ceroki da ba wanda ya taɓa ganin takardarta. Kun tuna Sanata Elizabeth Warren da ta fito da gwajin jini a 2018? Hukumar ƙabilar da kanta ta fito ta ce gwajin jini ba ya mai da mutum ɗan ƙasarsu.

Maman Ilham: Ni abin da ya fi ba ni mamaki a bayanin Ɗan Tulsa shi ne tazarar dubu 450 da dubu 16. Ba ƙabila ɗaya ba ce?

Ɗan Tulsa: Ɗaya ce, Hajiya, kora ce ta raba su. A 1838 zuwa 1839 sojoji suka tasa ƙeyar kusan mutum dubu 16 daga Jojiya da Tenesi da maƙwabtansu zuwa yamma, wajen dubu 4 suka mutu a tsare da kuma a hanya. Ita ake kira Hanyar Hawaye. Waɗanda suka tsira a duwatsu su ne kakannin na Gabas. Tazarar yau kuwa daga dokar shiga ce. Na Oklahoma ba su auna yawan jini: in ka nuna kakanka kai tsaye a rajistar Dawes, jerin sunayen 'yan ƙabilar da gwamnatin tarayya ta rubuta a farkon shekarun 1900, shi ke nan. Na Gabas kuwa sai kakanka yana rajistar Baker ta 1924, kuma jininka ya kai kaso ɗaya cikin 16. 'Yan Kituwa ma sun fi tsanani, kwata suke nema. Yanzu ga inda maganar Baba ta karye: masu raba ribar caca hannu da hannu, sau biyu a shekara, Yuni da Disamba, su ne na Gabas, 'yan dubu 16 ɗin. Babbar ta Oklahoma da ke ta ƙaruwa ba ta raba ribar caca ga ɗaiɗaikun mutane.

Baban Khalifa: Ai ka ƙarfafa ni ne, ɗana. Masu rabawa sun toshe ƙofa don kar kason ya ragu. Kuɗin ne dai ke juya akalar, ko a buɗe ko a rufe.

Ɗan Maraɗi: Wallahi Alhaji ya kama wani abu a nan. Sai dai ya sauya magana, da farko cewa ya yi kuɗi ke jawo mutane, yanzu kuma kuɗi ke korarsu.

Ɗan Tulsa: Kuma sharaɗin kaso ɗaya cikin 16 ya girmi gidan cacar nesa ba kusa ba, Harrah's, gidan cacar na Gabas, a 1997 aka buɗe shi. Amma tsakani da Allah zan ba Baba gaskiyarsa a wuri guda. A 2021 Al'ummar Ceroki ta samu dala biliyan 1.8 daga tallafin korona na tarayya, ta ce kowane ɗan ƙasa zai karɓi dala 2,000. Ofishin rajista ya cika ya batse, takardu suka yi ta taruwa wata da watanni. Sai dai su ma sai da suka kawo shaidar kaka a rajistar Dawes. Mutane ne da tun can suke da haƙƙin, ba su damu da cike takarda ba sai da suka ji ƙamshi. Kamar mai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ne a gida, ba ya nemanta sai an buɗe ɗaukar aiki.

Baban Khalifa: Yauwa! Ashe dai ba ƙarya na yi ba.

Maman Ilham: Kuɗin korona ba kuɗin caca ba ne, Alhaji, kar ka yi saurin buga ganga. Ni bari in ja maganar wani gefe, don shi ya fi damuna a matsayina na malamar makaranta. Su na Gabas da ake miƙa wa kuɗi haka kawai, bai lalata su ba? Mu dai mun ga yadda kuɗin banza ke yi da matasa.

Likitan Zaure: Hajiya, wannan tambayar an yi mata bincike, kuma sa'a ce ta kawo shi. Wata malama a Jami'ar Duke, Jane Costello, ta fara bibiyar yara 1,420 a yammacin Karolina ta Arewa a 1993, kusan kwatansu 'yan Ceroki, tana duba lafiyar ƙwaƙwalwa da ɗabi'unsu. Ba ruwanta da caca a lokacin. Ana tsakiyar aikin sai aka fara rabon, wajen dala 4,000 ga kowane mutum a shekara. Sai ta samu yara iri biyu a unguwanni ɗaya, wasu kuɗi ya shigo gidansu, wasu bai shigo ba. Sakamakon da ta fitar a 2003 ya nuna yaran da gidajensu suka fita daga talauci, rashin ji da taurin kai da faɗace-faɗacensu ya sauka har ya yi daidai da na yaran da ba su taɓa talauci ba. Damuwa da fargaba kam ba su sauya ba, a faɗi gaskiya. Dalilin da ta fi jinginawa gare shi shi ne iyaye sun samu sukunin sa ido a kan 'ya'yansu. Daga baya Randall Akee da abokan aikinsa suka bi yaran, suka ga na gidajen da suka fi talauci sun ƙara kusan shekara guda ta karatu, ƙananan laifuka sun ragu, kuma iyayen ba su ajiye aiki ba. Wannan na ƙarshen shi ne mutanenmu ba su son ji.

Maman Ilham: To madalla, amma kai likita ne, faɗi ɗaya gefen ma.

Likitan Zaure: Akwai shi. Wani binciken ya gano mace-macen haɗari na ƙaruwa a watannin da ake biyan kuɗin. Kuma kason yara tara shi ake a asusu har su girma, sai yaro ɗan shekara 18 ya wayi gari da dunƙulen kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba. Ƙabilar da kanta ta ga illar, ta koma biyansu kashi-kashi. Ni abin da na fahimta, kuɗin da ke shiga tukunyar gida a kai a kai shi ya gyara yara, wanda ke faɗowa hannun saurayi lokaci guda kuwa sai addu'a.

Ustaz Abu Maryam: Ina ta sauraro na ga kowa yana lissafin riba, ba wanda ya tambayi daga aljihun wa ta fito. Caca dai caca ce. Allah da kansa ya ce akwai amfani a cikinta ga mutane, amma zunubinta ya fi amfanin girma. Duk dalar da ta gina asibiti a can, wani ne ya taso daga Atlanta ko Shalot ya zubar da albashinsa, wataƙila iyalinsa na gida suna jira. Kar yaranmu su karanta zauren nan su ɗauka shagunan cacar ƙwallo da suka cika mana unguwanni hanyar arziki ce.

Ɗan Tulsa: Allah gafarta Malam, ba wanda ya halatta ta, ni ko ƙofar Hard Rock, gidan cacar Al'ummar Ceroki da ke Katusa, ban taɓa takawa ba, ga shi nan kusa da ni. Amma a duba me suke ci kafin nan. Na Gabas da baƙin da ke zuwa gandun duwatsun Smoki suke rayuwa, watannin zafi a samu, sanyi ya zo a rufe shaguna. Har magidanta kan tsaya bakin titi da hular gashin tsuntsu, wadda ma ba al'adarsu ba ce, ta ƙabilun filayen yamma ce, don baƙi su ɗauki hoto su ba su 'yan canji. Dokar tarayya ta 1988 ce ta tsara wa ƙabilu harkar caca, suka kama don ba su da wata babbar kadara. Su ma sun san ba abin dogaro ba ce: wata ƙabilar daban, 'yan Katoba, sun buɗe tasu kusa da Shalot a 2021, kasuwa ta rabu. Na Oklahoma kuwa tuni suka shiga kwangilolin gwamnatin tarayya. Kashi 37 cikin ɗari na ribar kamfanoninsu ke komawa hidimar jama'a, sauran a juya. Da irin wannan tafiyar aka buɗe katafaren asibitin Talikwa a 2019, da makarantar koyon likitanci a 2020, ta farko a ƙasar wata ƙabila.

Ustaz Abu Maryam: Lalura ta bayyana dalili, ba ta wanke abin ba. Na tsaya a nan.

Ɗan Maraɗi: Ɗan Tulsa, kana ta yabon gini. Talakan fa?

Ɗan Tulsa: Yana nan daram. Ka fita Talikwa ka nufi gundumar Adair wajen Stilwell, inda 'yan Ceroki suka fi yawa, tana cikin gundumomi mafi talauci a Oklahoma. Kuma cikin dubu 450 ɗin nan, kusan dubu 140 ne kawai ke zaune a gundumomi 14 na ƙasar ƙabilar. Saura suna Teksas da Kalifoniya da ko'ina, da katinsu a aljihu. Shi ya sa in ka ce tattalin arzikin Ceroki, sai a tambaye ka wanne: na injiniyan da ke Dalas, ko na tsohuwar da ke ƙauyen Adair?

Maman Ilham: Ni kuma ina da labarin zuriyar bayinsu. Da yawa ba su san 'yan Ceroki sun mallaki bayi baƙar fata ba, har da su aka yi Hanyar Hawaye. Yarjejeniyar 1866 ta ba 'yantattun haƙƙin zama 'yan ƙasa, a 2007 aka kaɗa ƙuri'a aka fitar da jikokinsu, kotun tarayya ta mayar da su a 2017, sai a 2021 kotun ƙolin ƙabilar ta goge sharaɗin jini daga tsarin mulki. Su ma suna cikin ƙaruwar, kuma shari'a ce ta shigar da su.

Likitan Zaure: Duk lissafin nan akwai adadi ɗaya da ke tafiya ƙasa, ba wanda ya taɓo shi. A 2019 masu jin harshen Ceroki sosai ba su wuce wajen dubu 2 ba, yawancinsu tsofaffi, har ɓangarorin uku suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Makarantun kwana na da, inda ake dukan yaro in ya yi yarensu, sun yi aikinsu. Shugaban Al'ummar Ceroki, Chuck Hoskin, ya sa hannu a ware dala miliyan 16, aka buɗe cibiyar harshe ta Durbin Feeling a 2022. Mu a nan mutum yakan zama Bahaushe ta bakinsa, ba wanda ya taɓa neman rajistar kakansa. Su kuwa rajista na cika, bakin na mutuwa. In da ni ne Baban Khalifa, wannan ne zai ɗaure mini kai, ba miliyan ɗaya da rabi ba.

Baban Khalifa: Likita, na ji, kuma na janye kalmar caca daga maganata ta farko. Amma kalmar kuɗi tana nan, ban janye ta ba. Dala 2,000 ta tashi mutanen da shekara ɗari ba ta tashe su ba.

Bazazzage: Yaya Ɗan Tulsa, tambaya ta ƙarshe. In mutum ya auri 'yar Gabas ɗin nan, ana sa shi a rabon Yuni da Disamba?

Ɗan Tulsa: Aure ba ya ba da kati, ƙanena. 'Ya'yanku ne za su iya samu, shi ma in jinin nasu ya kai ɗaya cikin 16. Kai dai sadaki kawai za ka biya.