Za a cire wa Baba mafitsara a Indiya: robot ko aikin hannu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Baba shekararsa 67. Tun yana yaro ya yi fama da tsargiya, irin ta wankan kududdufi. Bara fitsarin jini ya dawo, aka ɗebi nama aka auna, aka ce daji ne, har ya ci cikin tsokar mafitsara. Yanzu muna Delhi. Likita ya ce cire ta za a yi gaba ɗaya, ko a tsaga ciki ko a yi da robot. Na robot ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma gona muka sayar muka zo. Baba kuwa cewa ya yi shi inji ba zai yanka shi ba. Don Allah masu sani, ya cancanci kuɗin?

Likitan Zariya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka faɗa masa likita ne ke zaune yana sarrafa hannayen na'urar, ba ta motsi da kanta. A binciken RAZOR na Amurka da aka fitar a 2018, bayan shekara 2 waɗanda dajin bai ci gaba ba kashi 72 ne a robot, kusan daidai da aikin hannu. Wato wajen kashe cutar kunnen doki ne. Ribar robot ita ce ƙarancin zubar jini da ƙarancin buƙatar ƙarin jini, sai dai aikin ya fi daɗewa. Binciken iROC na Ingila a 2022 ya nuna gudan jini a jijiya da ruɓewar ɗinki sun ragu. Amma ko ta wace hanya, fiye da rabin marasa lafiya suna samun wata matsala cikin kwana 90: hanji ya ƙi motsi, zazzaɓin ƙwayar cuta, yoyon fitsari. Tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aikin da robot. Ni wannan ya fi damuna.

Maman Hanifa:
Mijina da robot aka yi masa. Ƙananan huji ne a ciki, amma kwana shida hanjinsa bai motsa ba, bututu a hanci, ko ruwa ba ya sha. Abin da ba mu shirya masa ba jakar fitsari ce da ake mannawa a gefen ciki. Ku sayo da yawa kafin ku dawo, a gida samunta aiki ne. Kuma ku tambayi malami batun alwala tun yanzu, hankalin Baba zai fi kwanciya.

Ɗan Fagge:
Na gode. Gobe da safe zan tambaye shi adadin. Maman Hanifa, jakar kwana nawa take yi kafin a canza?