Robar hancin Tyrrell P34 ta ƙi lanƙwasuwa yadda nake so

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ƙera ƙananan motoci. Wata uku ke nan ina haɗa Tyrrell P34 da hannuna, motar tseren nan mai taya shida da Jody Scheckter ya ci gasar Suwidin da ita a 1976. Ma'aunina 1:20, wato tawa ta fi ainihin motar ƙanƙanta sau ashirin, kuma da fallen robar sitirin mai kaurin milimita 0.5 da 1 nake aiki. Rim ɗin gaba inci 10 ne a ainihin motar, wato kusan milimita 12.7 a wajena. Tayoyin gaban huɗu ne, kuma rim ɗinsu sun ba ni wahala, amma an wuce wurin.

Hancin motar, wato murfin gabanta, shi ne ya tsaya mini a wuya. Na sassaƙa siffarsa a katako, na goge da samfefa har ya yi sumul. In na gasa fallen 0.5 a kan risho na danna shi kan katakon, sai gefuna su tattare, tsakiya kuma ta yi siriri har ana ganin haske ta ciki. Na koma na milimita 1, shi kuma kafin in danna ya huce ya sandare. Na'urar busar da gashi ko gezau. Falle bakwai na lalata, kuma robar nan ba arha ba ce.

Don Allah, wanda ya taɓa yi: in ɗaure fallen a firam na katako in sa shi a tanda ne, ko in raba hancin gida biyu in liƙa da gam? Tsorona gam mai narkar da roba ya huda wurin da ya yi siriri.