Na sayi Golf, takardunta da sunan wani: me doka ke nema, kuma wa zai biya in ta yi ɓarna?

Ɗan Taura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar mota. Da aka sayar da riɗi na sayi Golf 3 a hannun dillali. Takardun da aka miƙo mini duk sunan wani bawan Allah ne da ban taɓa gani ba, lasisin motar kuma ya ƙare tun bara. Ba birni za ta riƙa shiga ba, daga gona sai gida, sai ran Alhamis a kai kaya Maigatari. Ɗan wana ne zai riƙa jan ta. Hannunsa ya faɗa, amma bai yi lasisi ba tukuna, kuma yana cewa in akwai wurin zama zai ɗauki mutum biyu ko uku a samu na mai. Shin dole sai na yi takardu tunda ƙauye ne? In kuma ta buge mutum ko dabba, Allah ya kiyaye, wa za a kama: ni, ko yaron, ko mai sunan?

Na Wudil:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya. Doka ba ta san titin ƙauye da na birni ba. Duk hanyar da jama'a ke bi, kwalta ce ko burji, hanyar gwamnati ce.

Kafin ka kashe sisi a takardu, buɗe bonet ka duba lambar shasi da lambar inji, ka gwada su harafi da harafi da abin da ke takarda. In sun saɓa, mai da ita ga dillali yau ɗin nan, domin ko dai an canza inji ba a rubuta ba, ko kuma motar tana da tarihi. Sai ka nemi takardar kwastam ta asali. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, kai kuma hanyarka ta Maigatari ce, inda jami'an kwastam ba sa rabuwa da titi. Motar da ba a biya mata fito ba ƙwace ta suke yi, ba ruwansu da hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ka.

Daga nan sai canza suna. Ana rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, kuɗi, kwanan wata da sa hannun shaidu. Inda ake samun cikas shi ne dillali ya rubuta maka takarda da sunansa alhali ba sunansa ke kan motar ba. Ko dai ya kawo takardar da mai sunan ya sayar masa da ita, ko ya haɗa ka da mai sunan. Ka haɗa da takardar rantsuwa daga kotu da hotunanka, ka je ofishin lasisin motoci na hukumar tara haraji ta jiha, ka biya a karɓi rasit. Lambar da ke jikinta rajistar wancan mutumin ce. Ka yi taka. Lasisin mota duk shekara ake sabuntawa, haka takardar lafiyar mota ta 'yan bi'ayo.

Malamin Inshora:

Malam na Wudil ya gama da takardu, bari in ɗauki wadda ta fi kowacce nauyi ranar da abu ya faru. Inshorar ɓarnar da mota za ta yi wa wani wajibi ce a Najeriya tun dokar 1945, kuma sabuwar dokar inshora ta 2025 ba ta sauke wajibcin ba. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000. Tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, sannan tana ɗaukar rauni ko rasa ran wanda aka buge. Ba ta gyara taka motar, ko fitila ɗaya. 'Yan sanda sun fara matsa tambayarta daga 1 ga Fabrairu 2025.

Wanda ya ce zai yi maka ita a dubu uku ko biyar a gindin bishiya, takarda kawai ya buga maka. Danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar. In ba ta fito ba, babu inshora. Mai ƙyamar inshora saboda addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

To amma, Alhaji, yadda ka tsara abin, ko ka sayi ta gaskiya kamfani na da ƙofar zillewa har guda uku. Inshorar tsohon mai mota ba ta bin mota zuwa hannunka, yarjejeniya ce tsakaninsa da kamfani. Takardar kuma tana cewa wanda zai tuƙa sai mai lasisi, don haka ɗan wanka ya rushe sharaɗin tun kafin ya tayar da inji. Na ukun shi ne fasinja: inshorar motar gida ta cire ɗaukar mutane don kuɗi. Da zarar an karɓi ɗari biyar "na mai", ta zama motar haya. In haya kake so, sai lamba mai jan rubutu da inshorar haya. Mai shuɗin rubutu ta gida ce.

Batun wa za a kama kuwa, kashi biyu ne. Laifin tuƙin ganganci ko tuƙi ba lasisi na direba ne. Biyan ɓarna kuwa yana hawa kanka, domin aikinka yake yi da motarka, kuma ka ba shi makulli kana sane ba shi da lasisi, wanda shi ma laifi ne. Mai sunan da ke takarda shi 'yan sanda za su fara nema, amma da ya fito da shaidar ya sayar, ya fita.

Bakaniken Gumel:

A ƙara da jikin motar, don takarda ba ta tsayar da mota. 'Yan kiyaye haɗurra suna neman safaya mai iska, jak, tukunyar kashe gobara wadda ba ta ƙare ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta mutu a hanya. Duba gefen kowace taya, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar tana ɗaukar shekara huɗu ne wa'adin taya. Tayar gwanjo kan zo da zane mai kyau amma robar ta bushe, sai zafin kwaltar Afrilu da buhu takwas a bayan Golf su fasa ta. Tiyon burki ma a duba, yana tsagewa a tsofaffin motocin nan. Yaron kuma in ya kai shekara 18 ya shiga makarantar tuƙi mai rajista, ita ke ba da shaidar da ake neman lasisi da ita, na shekara uku ko biyar.

Ɗan Taura:

Na gode, Allah ya saka da alheri. To ai a wajenmu in an buge akuya ko sa, gaban mai unguwa ake zuwa a sasanta. Shi ma ya saɓa doka?

Almajirin Fiƙihu:

Bai saɓa ba, Alhaji, sulhu alheri ne. Sai dai in kana son kamfani ya biya, kada ka amsa laifi ko ka yanka kuɗi kafin ka sanar da su. Suna buƙatar rahoton 'yan sanda da hoton wurin kafin a janye motar. In kun sasanta da kanku, a rubuta, shaidu su sa hannu, kada magana ta taso bayan wata shida.

Rai kuwa ba a gama shi a zaure. Kano da Jigawa suna da kotunan shari'ar Musulunci, kuma kisan kuskure yana da diyya, dinari dubu na zinare, kimanin giram 4,250, sai abin da magada suka yafe. Akwai kuma kaffarar azumin wata biyu a jere a kan wanda ya tuƙa. Yafewar magada ba ta ɗaure hannun hukuma a kan laifin tuƙi ba lasisi.

In an buge mutum, a fara kai shi asibiti. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Lambar kiran 'yan kiyaye haɗurra 122 ce. In jama'a sun taru ana tsoron duka, direba ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai kansa, kada ya nufi gida.