Tikitin dawowa da yawan zuwa: me aka tambaye ku a bakin kantar filin jirgi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ina son jin bakin waɗanda abin ya faru da su da kansu, ba an ce ka ce ba. Ƙanwata ta haihu a Landan, mahaifiyarmu Mma za ta je daga Ghana wankan jego. Wannan shi ne zuwanta na huɗu cikin shekara biyu da 'yan watanni, kuma a na ƙarshen sai da ta yi wata biyar da mako biyu. Bizarta ta shekara biyar ce, da sauran lokaci sosai. Ƙanwata ta ce a yanki tikitin zuwa kaɗai, in an yi arba'in sai a jira ranar da kuɗin jirgi ya sauka a sayi na dawowa. Ni dai raina bai kwanta ba. Wa ya taɓa tafiya haka?

Hajiya mai atamfa, Alabar:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Kada ka yarda. Ni na yi wannan dabarar sau ɗaya, zuwan Dubai, don ban san ranar da kayana za su kammala ba. Na kwana a motar Kumasi, na iso Accra da asuba, na ja akwati biyu har Tamina 3 ta filin jirgi. Yarinyar da ke kantar kamfanin jirgi ta juya fasfona, ta ga hatimin Dubai birjik, ta ce Hajiya ina tikitin dawowa? Na ce 'yata, dubi sau nawa na je na dawo. Ta ce ta gani, amma kwamfutarta ba ta gani ba. A tsaye na kira mai yanka mini tikiti, na tura masa kuɗi ta momo, asusun waya, hannuna na rawa, ana ta kiran a rufe kanta. Abin da na ƙara a kai ya isa kuɗin yadi mai yawa. Tun ranar na daina wayon.

Malam na Mamobi:
Hajiya, yarinyar ba ta da laifi. Na yi shekaru a irin wannan kujerar kafin na koma harkar kaina. Akwai wani kundi da kamfanonin jirage ke dubawa, Timatic, na ƙungiyarsu ta duniya IATA. A sa ƙasar fasfonka, inda za ka, da inda za ka sauya jirgi, sai ya fito da sharuɗɗan. In ya ce a ga tikitin fita, ba a yi masa musu. Dalili kuwa kuɗi ne: in aka ɗauke ka aka ƙi karɓarka a can, kamfanin ne zai dawo da kai, kuma ƙasashe da yawa suna cin sa tara a kai. To wa zai ɗauki wannan nauyin saboda kyan fuskarka?

Amma Ɗan Aboabo, bari in raba maka zare da abawa. Dokar baƙi ta Ingila ba cewa ta yi dole tikiti ya kasance a hannunka ba. Cewa ta yi ka gamsar da su za ka fita in ziyara ta ƙare, kana da abin biyan kuɗin komawa, kuma ba ka mai da ƙasarsu gida ta hanyar zuwa a kai a kai ba. Wannan na ukun shi ne zai taɓa Mma. Tikitin ƙaramin abu ne a kansa, sai dai tsohuwa mai zuwa na huɗu ba tare da ranar dawowa ba, kamar ta amsa tambayar ne tun ba a yi mata ba.

Gwaggon yara, Asawase:
Abin da Malam ya faɗa ni ce ya faɗa a kaina. 'Ya'yana biyu suna can, ɗaya Landan ɗaya Manchesta, sai haihuwarsu ta zo a jere. Na je na yi wata biyar, na dawo na yi wata biyu, na koma na yi wata huɗu. A na ukun ne aka ce in koma gefe in zauna.

Ba wanda ya yi mini tsawa, har ruwa aka ba ni. Matar ta zo da fasfona da wata 'yar takarda. Su can ba sa buga hatimin fita, amma namu na Accra yana nan, kowace dawowa da ranarta, ga kuma abin da ke cikin kwamfutarsu. Ta ce cikin wata goma sha biyun da suka wuce, tara a wajensu na yi, to ina ne gidana? Wallahi tambayar ta yi mini zafi, ni da aka haifa a Asawase aka aurar da ni a Asawase. Amma da na zauna na lissafa, gaskiyarta ce. Ta tambayi wa ke riƙe mini shago, mijina yana ina, wa ke biyan tikitina, 'yata tana aiki ne, wa ke zama da yara in ta fita. Nan na gane inda aka dosa. Zuwa taya mai jego na ɗan lokaci daban, zama mai reno don uwa ta tafi aiki daban.

Allah ya taimake ni tikitina na mako shida ne, ga rasidin kuɗin shagona na kasuwar Kejetia a jaka, ga katin bikin ƙanen mijina da ranarsa. Suka kira 'yata a waya, maganarmu ta zo ɗaya. Bayan kusan awa uku aka bar ni na shiga. Da na dawo sai da na shekara guda ban sake ba. Ɗana, wata shidan da suke ba mutum iyaka ce, ba rabo ba ne da za ka ce sai ka cinye.

Boga na Hambog:
Gwaggo, ku naku ma da sauƙi, hukuncin mutum ne. Namu na Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Jamus da nake zaune, lissafi ne tsagwaron sa: kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma 180 ɗin baya ake ƙirga shi daga ranar da kake tsaye. Baabana ya ɗauka in ya fita ya dawo, ƙirgen ya koma farko. Ya yi kwana 80 a wajena, ya je Kumasi ya yi wata guda, muka yanka masa wani tikitin na wata biyu. Sai da wani abokina ya zauna da kalanda muka ga kwana 10 kaɗai ya rage masa. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce. Muka ɗaga tafiyar. Daga 12 ga Oktoba 2025 kuma sun fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa a iyaka, na'ura ce ke riƙe kwanakin. Zancen hatimi ya dushe ko jami'i bai lura ba ya ƙare.

Yaron Nima:
Manya ku yi haƙuri, amma duk wannan ba sai an kashe kuɗi ba. Akwai masu yi maka takardar ajiyar kujera da 'yan sidi kaɗan, da lamba da komai. Na nuna ta sau biyu, ba wanda ya ce uffan.

Malam na Mamobi:
Yarona, sa'a ka ci. Ajiyar kujera daban, tikitin da aka biya daban. Wanda aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma in kamfani ɗaya ne, daƙiƙa kaɗan ta isa a gano. Ajiyar da ba a biya ba tana mutuwa da kanta, wani lokaci kana sama ma. In jami'in iyaka ya ɗauke ta a matsayin yaudara, a Ingila ana iya soke bizar nan take, haramcin kuma yakan kai shekara 10. Kai matashi ne ka ga za ka jure, amma uwar wani muke magana a kai.

Yaron Nima:
Na ji Malam. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Alhaji mai kayan mota, Suame:
Ku da ke zancen Turai, ga na kusa. Tun 1 ga Nuwamba 2023 mai fasfon Ghana yana shiga Afirka ta Kudu ba biza, sai mutanenmu suka ɗauka ƙofa a buɗe take. Kwana 90 ne a shekara, a tare, ba kowane zuwa ba. Ni bana na je Johannasbag sau uku, a na ukun jami'in ya tara kwanakina a gabana, ya nemi tikitin dawowa da sunan masauki, sannan katin allurar shawara. Wannan katin kada wanda ya raina shi. Wai don an ce tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, shi ya sa mutane ke jefa shi cikin tsohon fasfo su manta.

Mai goro ta hanyar Aflao:
Mu masu bin hanyar mota ba ruwanmu da tikitin dawowa. Daga Aflao zuwa Lome, Kwatano, Seme har Legas ba wanda ya taɓa tambayata yaushe zan koma, yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu kwana 90. Katin shawara dai ana tambaya, wanda ba shi da shi kuma aljihunsa ne ke amsawa.

Boga na Hambog:
Af, na manta. Abin yana juyowa gida ma. Ɗana fasfon Jamus gare shi, na samo masa bizar Ghana mai shiga da yawa, na zaci shi ke nan. Da ya sauka Accra kwana 60 aka buga masa, da zai wuce sai da muka je aka ƙara. Yaron da kakansa ke da gida a Tafo!

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Mma na Gwaggo tun daga farko har ƙarshe, ta yi shiru, can ta ce ita ma ƙanwata ta fara maganar komawa aiki. Mun yanki na zuwa da dawowa, mako bakwai, irin wanda ake iya sauya rana da ɗan ƙari. Na haɗa mata takardar gida, ta asibitin da take karɓar maganin hawan jini, da wasiƙar ƙanwata mai adireshi da lambar waya. Ƙanwata tana fushi da ni, ta ce na cika tsoro. Saura tambaya ɗaya: Mma ta sa an yi mata kilishi rabin jaka na mai jego.

Hajiya mai atamfa, Alabar:
Nama ba ya shiga Ingila daga nan, ɗanye ko busasshe. Ta tafi da yajin jegon da kanwa, kilishin kuma ka kawo mini Alabar in duba ko ya yi.