Na koma Morrowind: in gyara faɗan ko in bar shi yadda yake?

Mai_Kwari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wanda ya sake buga Morrowind a 'yan shekarun nan? Ina nufin gem ɗin The Elder Scrolls III da kamfanin Bethesda ya fitar a 2002. Rabona da shi tun ina saurayi, sai kwanan nan na sake ɗora shi a kwamfuta, bugun da ya haɗa da ƙarin sassansa biyu, Tribunal da Bloodmoon. Garin Seyda Neen yana nan yadda na san shi, har kukan silt strider, ƙaton ƙwaron nan da ake hawa don tafiya tsakanin garuruwa, da ake jiyowa daga nesa. Faɗan ne ya tsaya mini a wuya. Ga ɓera a gabana, ina ganin takobina yana ratsa shi, amma sai ƙarar iska kawai, jininsa bai ragu ba. Hannuna ya saba da Skyrim, inda duk abin da ka sara ya saru.

Shin in sa mod, wato gyaran da 'yan wasa ke yi wa gem, wanda ke sa kowane sara ya samu, ko hakan zai ɓata gem ɗin? Wannan karon so nake in kai har wurin Dagoth Ur, babban abokin gaban ƙarshen labarin, ba in ƙare a yawon garin Balmora ba.

Tsohon_Redoran:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni dai shawarata kada ka sa. Abin da idonka ke gani ba shi gem ɗin ke dubawa ba. Duk saran da ka kai, lissafi yake yi a ɓoye: ƙwarewarka a irin makamin da ke hannunka, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar na zafin namanka da ɗaya cikin goma na sa'arka, sannan a ninka da yawan kuzarin da ya rage maka. Koren layin nan na ƙasa shi ne kuzarin. In ya cika, ana ninkawa da 1.25, in ya ƙare, da 0.75. Ka ga ke nan wanda ya sheƙo da gudu tun daga gari ya isa wurin faɗa yana haki, ya riga ya zubar da babban rabo kafin ya zare takobi. Ka riƙa tafiya a hankali in ka hango abokin gaba, ka riƙe maganin dawo da kuzari a jaka.

Sai kuma makamin kansa. Ka duba wanne ka zaɓa cikin manyan ƙwarewarka guda biyar. Mutane da yawa suna ɗaukar wuƙar nan da ke kan tebur a ofishin ƙidaya na Seyda Neen, inda ake fara wasan, alhali dogon takobi suka zaɓa, kuma gem ɗin ya raba su gida biyu. In ƙwarewarka ta haura 40 kuma kuzarinka a cike, kuskuren sara zai ragu sosai.

Dalilin da ya sa na dage shi ne, raunin farko shi ke ba sauran gem ɗin daɗi. Baƙo ne kai a Vvardenfell, ba wanda ya san ka, mutanen tsibirin ma ba sa ɓoye maka cewa ba sa son ganinka. Ranar da ka koma kogon da ya kore ka da farko ka share shi, za ka ji a jikinka cewa kai ka kawo kanka wurin. Mod ɗin yana ɗauke wannan, kuma yana mayar da zafin nama kusan abin banza.

Wani abu da zai fi faɗan ba ka mamaki: babu kibiyar nuna hanya. Za a ce maka ka bi hanya kaza, ka haye gada, ka juya a dutse kaza, kuma dole ka karanta kundinka. Ka karanta shi da gaske. Lokacin da Hasphat Antabolis ya aike ka kangon Arkngthand neman ɗan akwatin Dwemer, tsohuwar al'ummar da ta ɓace, kada ka nutsa can ƙasan kangon. Yana kan kanta a wani ɗaki kusa da mashiga, ƙarami ne ainun, ido yana wuce shi.

Uwar_Telvanni:

Yaya Redoran, na yarda da kai kan faɗan, amma ban yarda a bar komai yadda yake a 2002 ba. Mai_Kwari, ka buga shi ta OpenMW. Sabon inji ne na kyauta da masu son gem ɗin suka rubuta, yana amfani da fayilolin gem ɗinka na asali, ya dace da allon zamani, kuma ba ya yawan rufewa da kansa. Dokokin wasan ba su canja ba.

Mod biyu kuma nake ganin halal ne. Na farko wanda ke jinkirta makasan Dark Brotherhood. Tribunal an yi shi ne don wanda ya riga ya yi nisa, amma in yana ɗore, makasan na iya tashinka daga barci tun kana matakin farko. Ko su kashe ka, ko ka kashe ɗaya ka sami sulken da ya fi ƙarfin matakinka, duk biyun suna ɓata farkon wasan. Na biyu wanda ke rage tsuntsayen nan cliff racer. Ba wahala ce mai koya maka komai ba, tsayar da kai kawai suke yi kowane ɗan taku a hanyar Ald'ruhn.

Ka kuma fara ɗaga juriyarka da wuri. Jinin da ake ƙara maka a kowane mataki daga ita ake lissafa shi, kuma in ka ɗaga ta daga baya ba a biyan ka na matakan da suka wuce.

Dan_Jirgin_Vivec:

Malam, tunda ƙarshen labarin kake nema, ka kula da wanda kake kashewa. Gem ɗin ba ya hana ka kashe kowa, har Caius Cosades, wanda ke ba ka ayyukan babban labarin. Saƙo kawai zai fito cewa zaren annabcin ya tsinke, sai ka koma inda ka ajiye wasa. Don haka ka riƙa ajiyewa a wurare daban-daban. Kuma ka sayi sihirin Mark da Recall, masu sa alama a wuri su dawo da kai can nan take, da wuri, domin zirga-zirgar sansanin Urshilaku a arewa tana da nisa, kuma ba silt strider da ke kaiwa can.

Mai_Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗora OpenMW da mod ɗin makasan, faɗan kuma na bar shi. Na sayi dogon takobi a shagon Arrille, na daina gudu, bambancin a fili yake. Caius ya ba ni kuɗi ya ce in je in shiga wata ƙungiya in ƙara ƙwari kafin ya ba ni aiki. Yanzu ina tsakanin manyan gidajen Hlaalu da Redoran, tunda gida ɗaya kawai ake shiga. Yaya Redoran, na san inda za ka karkata, amma ina so in ji daga wanda ya bi Hlaalu har ƙarshe: ayyukansu suna tafiya da mai takobi, ko sai mai iya baki da sanɗa?