Kuɗin jirgin ruwan yawo, wanne ya fi sauƙi?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, muna Houston ne, ni da maigida da yara 2 muna so mu hau jirgin yawo na kwana 7 zuwa Meziko. Na duba Carnival da Royal Caribbean da MSC, kowa farashinsa daban, kaina ya ɗaure wallahi, me zan lura da shi?

Ɗan Birni:
Hajiya farashin farko kar ya ruɗe ki. Tun Yulin 2024 manyan kamfanonin nan a Amurka suna haɗa haraji da kuɗin tasha a farashin da suke nunawa, dokar Kalifoniya ce ta jawo haka, amma kuɗin ma'aikata, wato tukwicin masu hidima a jirgin, daban yake, wajen dala 16 zuwa 20 kowane mutum kullum, ku 4 kwana 7 kin ga ya haura dala 400 tun ba ki sha ko lemo ba.

Ummu Sadik:
Ni abin da ya ƙona min rai intanet ne da ruwan gora. Daren ƙarshe aka turo takardar bashi ta ƙasan ƙofa, na zauna bakin gado ina lissafi har asuba, ashe duk lemon da yara suka ɗauka an ɗora masa kashi 18.

Ɗan Birni:
Kuma Meziko ta sa harajin dala 5 kan kowane fasinja a Yulin 2025. Daga Galveston, tashar jirgin ruwa da ke kusa da Houston, za ku tashi ai, ki lissafa da kuɗin fakin.

Maman Ilham:
Na gode Malam, fakin ɗin ma ban tuna da shi ba sam. Abincin halal fa?