Ja Ta Kama, Wa Zai Tsaya?

Mai Shayin Ikeja:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ikko. Tun a Fabrairun 2025 Ma'aikatar Sufuri ta Jihar Legas ta sanar da kafa kyamarori a mahaɗar Allen Avenue da kuma kan titin Nurudeen Olowopopo, tare da tarar Naira 20,000 ga duk wanda ya keta danja. Har yau idona na ganin abin da ke hana ni sukuni. Ga baitocina, mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah zan buɗe baki,
Mai ba mu lafiya mu fita aiki,
Direbobin Ikko ku taka birki,
Magana gare ni a kan danja.

Teburina na daf da mararraba,
Nakan hura wuta tun da asuba,
Abin da nake gani ban so shi ba,
A nan tsakiyar birnin Ikeja.

Yalo ta kama, nufinta ka shirya,
Sai mai danfo ya ƙara giya,
Ya danna totur ya cinye hanya,
Ga mota cike maƙil da fasinja.

Ja ta kama, shi kuwa ya kutsa,
Masu kore su ne za su matsa,
'Yar makaranta na son ta ratsa,
Sai ka ce ranta ba shi da daraja.

In ya hango mai riga rawaya,
LASTMA masu ba da hannu a bakin hanya,
Nan take ya zama mai biyayya,
Ya tsaya cak, babu ja-in-ja.

In babu jami'i, ba kyamara sama,
Dokar a gunsa ba ta da ƙima,
Tsoron tara shi ya fi girma,
Ran ɗan'uwa bai ishe shi hujja.

Dubu 20 ita ce tara,
Ni a ganina ma a ƙara,
Wanda ya kashe uban yara,
Ba a sayo musu wani a haja.

Na ajiye nan, direba ya amsa,
Ya faɗi abin da ke cikin ransa,
Mai keke ma ya kawo nasa,
Me ke hana ku tsayawa a danja?

Ɗan Agege Mai Danfo:

Malam mai shayi na ji batunka,
Ba na musun abin da ke gabanka,
Amma zo ka hau kujerar ƙaninka,
Yini guda ka ga yadda ake ja.

Mai mota na jiran balas da dare,
Agbero 'yan tasha sun karɓi nasu a jere,
Kuɗin mai tun 2023 ya tsere,
Duk a wuyana, ni da fasinja.

In na tsaya, na bayana na zagi,
Hon da ashar har ya haɗa da dangi,
Na cikin mota ma ni suke zargi,
Wai na sa su latti gun manaja.

Mai jiniya ya taho da ayari,
Ja ko kore, bai san bari,
Shi ba ruwansa da wani tsari,
Don yana tafe da ɗan sanda da soja.

Wata danjar wuta ta ɗauke mata,
Wata ta maƙale, ba a gyara ta,
Mun saba wucewa ta gabanta,
Sabo ya sa ido bai ganin ja.

Wani mai kakin ba gyara ya sa gaba,
Ya faɗo motarka bai yi sallama ba,
Ya ce a sasanta, rasit bai ba ka ba,
To wa zai ga dokar da daraja?

Da dare ne ma abin ya fi muni,
In tsaya ni kaɗai ba mai gani,
Ɓarayi su fasa gilas su tare ni,
Su tafi da ciniki, waya da caja.

Uwar 'Yan Biyu, Idi-Araba:

Ƙanena na Agege sannu da fama,
Kukan da ka yi ba na rainawa.

Amma ni ce ke riƙe da 'yan biyu,
Dama da hagu, muna tsallakawa.

Na koya musu ja ke tsai da mota,
In ta kama, lokacinmu ne na wucewa.

Ran nan Hassana ta ce da ni, Umma,
Ga ja, don me su ba sa tsayawa?

Na rasa amsar da zan ba yarinya,
Na damƙe hannunta muka hau rugawa.

Ƙanin maigidana mai turin baro ne,
Daga Mushin yake ɗaukar kaya yana kaiwa.

Motoci sun tsaya, ja ta kama,
Ya tura baronsa yana ƙetarewa.

Wata ƙaramar bas ta ɓullo ta gefe,
Ta ɗebe shi, ba ta ko waiwayawa.

Mun kai shi asibitin ƙashi na Igbobi,
Cinyar dama ce ta yi mugun karyewa.

An sa masa ƙarfe, sanduna a waje,
Ni ke kai masa kunu yana kurɓawa.

In zai juya sai mu biyu mun tallafe shi,
Yana cije leɓe, gumi na zubowa.

Kuɗin da ya tara zai je gida aure,
Magani da hoton ƙashi suka yi ta cinyewa.

Yau yana tafiya, amma da sanda,
Baron nan kuwa ba shi sake turawa.

Ka ce balas, ka ce agbero, duk gaskiya ne,
Cikinsu wanne ne shi yake karɓawa?

Minti ɗaya ko biyu aka ce ka jira,
Shi kuwa ƙafarsa ba ta dawowa.

Zagin na baya iska ke ɗauka,
Ƙashin da ya karye shi ke daɗewa.

Alhaji Mai Gwari, Mile 12:

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya,
Ya saka miki da kika yi jinya,
Ni zan taɓa mu masu dukiya,
Masu ba da mota, ga shawara.

Da can sai jami'i ya tare ka,
Ka yi ta magiya ko ya ƙyale ka,
Yanzu daga sama ake hango ka,
Lamba kawai take bi, kyamara.

Ba ta san fuskar mai tuƙi ba,
Ba ta tambayi ɗan wane ne ba,
Saƙo ya zo wa wanda bai tuƙa ba,
Mai suna a takarda shi ke da tara.

Ina da mota mai kai gwari,
Daga kasuwa take fita da wuri,
Na zaunar da direba mun yi tsari,
Ya keta ja, aljihunsa ke asara.

Amma ban matsa masa ya ninka sawu ba,
Ban yanka masa awar isa ba,
Mai mota in bai sassauta balas ba,
Shi ya tura direba, shi ya fara.

In ka sayar da mota ka sauya suna,
Kar ka bar takarda sai wata rana,
Wani ya yi laifi a wata kwana,
Kai ka biya bashin da shi ya tara.

A Alapere gudu 80 ne iyaka,
Titin Bank Anthony 60 aka yanka,
Ka haura, dubu 50 na kanka,
Cinikin sati ya tafi, a yi hattara.

Wan-we kuwa ta fi wannan zafi,
Dokar 2018 ta sa ta babban laifi,
Kotu ta ƙwace, mota ta tafi,
Gwanjon 2022 ya isa ishara.

Abu ɗaya na bi bayan ɗan Agege,
Doka in ta bar manya sun haure shinge,
Talaka kaɗai aka tsare aka kange,
Ba ta yin kwarjini sai an gyara.

Don a gane nauyin tarar: mafi ƙarancin albashin ma'aikatan jihar nan da aka sanar a 2024 Naira 85,000 ne, ku kwatanta da 20,000 ko 50,000 a lokaci guda. Shi ya sa ban goyi bayan Malam mai shayi kan a ƙara ba. A fara karɓar wadda ke akwai daga hannun kowa, babba da yaro.

Tsohon Ɗan Acaba, Alaba Rago:

Ku bar ni in sa baki, yayyena,
Babur ne ya fara ciyar da gidana,
Abin da ya same mu na nan a raina,
Mu da muka yi sana'ar acaba.

A Yunin 2022 doka ta sauka,
Ƙananan hukumomi shida aka yanka,
Ikeja, Apapa, Surulere duka,
An murƙushe baburan da ba su ƙirgu ba.

Gwamnati ta ce haɗari da tsaro,
Cikinmu akwai dattijo, akwai yaro,
Masu bin doka da marasa tsoro,
Hukuncin bai tsaya ya tantance ba.

Ɗan Arewa in ya keta ja a hanya,
Ba shi ake zagi ba, mu ne gaba ɗaya,
Masu keke ku riƙe wannan a zuciya,
Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Malamin Islamiyya, Obalende:

Jama'a ku ba ni aron kunne,
Batun nan ai na addini ne,
Annabi ya ce a ba da haƙƙin hanya.

Cikin haƙƙin har da kame cuta,
Ba cuta, ba cutarwa, mun karanta,
Keta ja cuta ce, wannan gaskiya.

In ja ta kama maka da safe,
Kore ce ga wanda ke can gefe,
Ka kutsa, ka ci haƙƙinsa na tafiya.

Suratun Nisa'i ku je ku duba,
Aya ta 92 ba ta ɓoye ba,
Kisan kuskure ma akwai diyya.

Da kaffara, wata biyu a jere,
Azumi ba tsallake, sai an daure,
Wannan ga wanda ba shi da niyya.

To ina wanda ya ga ja da idonsa,
Ya san da mutane a gabansa,
Ya danna mai, ya toshe zuciya?

Kar a ce ƙaddara ce ta afka,
An ce ka fara ɗaure raƙuminka,
Sannan tawakkali, shi ne biyayya.

Masu kaki, ku ma da ku nake,
Wanda ya karɓi na goro ya sake,
In an zubar da jini yana da tarayya.

Ɗan Agege Mai Danfo:

Yaya ta Idi-Araba, na yi shiru,
Allah ya sauƙaƙa abin da ya faru,
Da rana, inda mutane suka taru,
Direba ba shi da sauran hujja.

Amma tambayata ta dare tana nan,
Ƙarfe ɗaya, ba kowa a wurin nan,
Malam da Alhaji sun tsallake wannan,
In tsaya a sare ni don na bi danja?

Baba Mai Tirela, Apapa:

Ɗana na Agege matso ka ji ni,
Na tsufa a kan sitiyari da birki.

Ina yaron mota aka kafa Road Safety,
A 1988, soja na kan mulki.

LASTMA ta zo a 2000 ina da tirela,
Daga tashar jirgin ruwa nake fita aiki.

Tsoronka na dare ba ƙarya ba ne,
An tare abokaina, an ji musu a jiki.

Amma wanda ke tahowa ta ɗaya hannun,
Shi ma da irin tsoronka a ciki.

Ga kore a gabansa, titi fayau,
Ƙafarsa ba ta kusa da birki.

Mota a gudun 60, cikin daƙiƙa ɗaya,
Kusan mita 17 take ci, ba mamaki.

Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta taka,
Ta shafe wannan ba a fara aiki.

In kwantena ce a bayana da lodi,
Ina taka iska, nauyi ke da mulki.

Ko na gan ka ba zan iya tsayawa ba,
Sai dai jama'a su taru, salati a baki.

Ga yadda muke yi, mu tsofaffin hannu,
Ka riƙe shi, zai yi maka aiki.

Ka hango ja tun kana da nisa,
Sauke giya, ba gudu, ba raki.

Ka bar taya na mirginawa sannu,
Kore ta riske ka kafin ka kai baki.

In dole ka tsaya, bar fili gabanka,
Ta inda za ka fice in an kawo farmaki.

Gilas a rufe, ƙofa a kulle,
Waya a aljihu, kuɗi can ciki.

Ido a madubi, hagu da dama,
Giya na ciki, ƙafa kan birki.

Ko kore ta ba ka, ƙirga biyu tukuna,
Wani na tafe bai ga ja ba, bai da kirki.

In ka ga makami ya nufo ka sosai,
Lalura ce, ba mai cewa ka miƙa jiki.

Duba hannu biyu kafin ka shiga mahaɗa,
Kar gudun ɓarawo ya sa ka yi wa wani miki.

Ka kai fasinja wuri mai haske,
Ka kira 767 ko 112, a turo masu kaki.